Mun Je Ɗauko Fatar Abarba

Tun da muka dawo bakina bai huta ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a teburin mai shayi a tambaye ni, har mai facin Gangaren Tudu ya tsare ni da taya a hannunsa, wai da gaske ne na je ƙasar waje koyon shuka fata? Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara nasa kafin ya kai gaba, har na ji ana cewa jirgi muka hau. To ga shi a rubuce kowa ya huta. Mota muka hau, kuma ba ni kaɗai ba ne, ni da Baffa Audu ne, ƙanin mahaifina.

Wanda ya san Tudun Ƙofa a Keffi ya san gidanmu gidan fata ne. Baffa majemi, ni baduku. Shi ya jeme, ni in ɗinka kube da jaka da takalmi. Sai dai fata ta guje mu. Ta saniya masu ganda ke kama ta tun tana jikin saniyar, a babbake a kai Mararraba a cinye da barkono. Ta awaki da tumaki kuwa dillalai ke lodawa su yi Kano da ita. Ramukan jimar Baffa sun bushe har kaji sun mayar da su wurin hutawa, ƙannena kuma duk sun koma acaɓa. Ni ma a raina na gama shirin rufe rumfa in bi su. Abin da ya riƙe ni kawai, ban san da wane baki zan gaya wa Baffa ba.

Ana cikin haka wata malamar jami'a da nake gyara wa jaka ta nuna mini wani abu a wayarta. Mata ne a Jamhuriyar Benin suke ɗago wani faffaɗan abu fari daga baho, su shanya, ya bushe ya zama kamar fata. Ta ce da ruwan ɓawon abarba ake yi, wasu ƙananan ƙwayoyi masu rai da ido ba ya gani ne ke saƙa shi a saman ruwan. Ta taɓa zuwa wurin, ta san shugabar matan, kuma za ta yi mini magana.

"Abin da za ka je ɗaukowa ita ce uwar," in ji ta. "Kamar yadda mai nono ke ajiye ɗan tsohon kindirmo ta zuba a sabon madara. In ka kawo ta da rai, ɓawon da ake zubarwa a kasuwar Keffi kaɗai ya ishe ka."

Da na kai wa Baffa maganar, ya daɗe yana kallona.

"Fata a baho? Ba yanka, ba fiɗa?"

"Haka ta ce, Baffa."

"To zan bi ka. Ba don na yarda ba, sai don in an damfare ka a samu wanda zai ba da shaida a gida."

Muka kama hanya, ni da 'yar jakata, shi da buzu da buta da rediyo da ƙunshin dakuwa da zai ishi masu zuwa Makka a ƙasa. A Abuja muka shiga babbar motar Legas. Kafin mu kai Lakwaja Baffa ya san sunan rabin fasinjoji, ya kuma duba takalmin kowa ya faɗi na wa ne roba. Wani mai tallar magani ya miƙe a tsakiyar mota yana cewa maganinsa na warkar da basir da ciwon haƙori da mugun mafarki, Baffa ya taɓo ni ya ce, "Ka ga irin mutanen da za mu je wurinsu." Ni dai dariya kawai nake yi, don tun da motar ta tashi wani irin daɗi ya kama ni, irin na yaron da aka ce gobe Sallah. Ban taɓa wuce Lakwaja ba a rayuwata, komai na gani sai na nuna da yatsa.

A Legas wani ɗan unguwarmu mai sayar da kayan gwari ya sauke mu. Mutumin kirki, ya ba mu ɗakinsa, sai dai ɗakin ba namu ba ne mu kaɗai, mu da buhunan albasa ne. Da safe muka fito duk wanda muka zauna kusa da shi a mota sai ya hau murza ido.

Bakin iyaka ya ba Baffa kunya. Shi a tunaninsa zai ga katanga ko wani babban kogi. Aka duba takardunmu da katin rigakafi, muka taka 'yan taku, wani ya ce mana ai kun shigo. Baffa ya dubi ƙasa, ya dubi wata akuya da ke cin kwali, ya ce, "Wannan ce ƙasar wajen? Ai akuyar nan ma na ga kamar daga can ta biyo mu." Amma ba mu yi nisa ba ya gane an canza gari. Turancin da nake taƙama da shi ya daina aiki, wayata ta yi shiru, ga fetur jere a manyan kwalabe a bakin titi kamar man ja. 'Yan acaɓansu kowa da riga ruwan ɗorawa, kuma ba sa ɗaukar mutum sai da hular kwano. Baffa ya ce shi ba zai cire hularsa a gaban jama'a ba, don haka aka ɗora masa kwanon a saman hular. Haka ya ratsa Kwatano, kwano na rawa a ƙoƙon kansa, gemu na tashi, hannu ɗaya riƙe da buta. Na yi dariya har mai babur ɗina ya tsaya ya duba ko lafiya.

A Zangon Kwatano muka sami Malam Isufu mai tsire, wanda malamar ta haɗa mu da shi ya zama tafintanmu. A can aka haife shi, Hausarsa Hausa ce, amma kowace magana sai ya jefa Faransanci a ciki bai ma sani ba. Su tsire cacanga suke ce masa, kuma cikin wani dogon burodi mai tauri suke cusa shi. Baffa ya gatsa ya ce wannan ai sandar kiwo ce, amma sai da ya cinye ya nemi ƙari. Abin da ya fi burge shi a garin shi ne da rana ta take sai a rufe shaguna kowa ya je ya kishingiɗa. Ya ce mutanen nan suna da hankali, mu ne muke wahalar da kanmu.

Washegari muka nufi Alada, garin abarba. Jama'a, ban san Allah ya yi abarba da yawa haka ba. Tsibi-tsibi a bakin hanya, dogaye sirara, bayansu kore kamar ba su nuna ba, cikinsu fari, zaƙi kuwa har ya hau ka. Madam Sena, shugabar matan, gajeruwa ce mai takalmin roba har gwiwa, dariyarta tana riga ta isowa. Ta kawo mana ruwa, amma kafin ta miƙo sai da ta kurɓa tukuna. Baffa ya ɗaure fuska, ya zaci saura aka ba shi. Malam Isufu ya yi masa bayanin cewa haka ake karrama baƙo a nan, don ya san ba a sa masa komai ba. Baffa ya shanye ya ce al'ada ce mai kyau, akwai gidajen da ya sani a Keffi da ya kamata su koya. Ta ba mu ɗaki a bayan gidanta, kuma da ta ji Musulmi ne sai ta sayo sabuwar tukunya don girkinmu kaɗai. Wannan abu ya taɓa ni ƙwarai. Akasa muka riƙa ci, wani tuwon kamu mai ɗan tsami da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi da koren barkono mai sa mutum ya tuna zunubansa.

Sana'ar matan ita ce matse ruwan abarba su zuba a kwalba. A da ɓawon damuwa ne a gare su, ya taru ya ruɓe ya tara ƙudaje. Yanzu wanke shi suke su markaɗa, su tafasa da ruwa, su tace, su ɗan ɗiga ruwan tsami, in ya huce su zuba a faffaɗan bahuna, su sa ruwan uwar a ciki, su rufe da ƙyalle. Shi ke nan, sai a bar shi a inuwa ba mai taɓawa. Ƙwayoyin su ci zaƙin, su riƙa fitar da zare siriri suna saƙawa a saman ruwa, zaren da Madam ta ce iri ɗaya ne da na auduga. Bayan kamar mako biyu sai a sami abu mai kauri. Ba wutar lantarki, ba inji in ban da na markaɗe.

Ta yaye ƙyallen wani baho, ta sa hannu biyu ta ɗago abin, fari fat, mai santsi, yana ɗigar ruwa. Baffa ya matso ya latsa da babban yatsa, ya sunsuna, ya juya bayansa. Aka miƙo masa busasshe, ya ja, ya murɗa, ya ɗaga shi ga hasken rana, har ya ɗan gatsa gefe.

"Isufu, tambaye ta ina wuyan, ina cikin?"

Madam ta ƙyalƙyale da dariya ta ce ba ta da wuya, ba ta da ciki, girman bahonka girman fatarka.

"Ba ramin kaska," in ji Baffa a hankali, yana shafawa. "Ba tabon bulala. Ba inda mahauci ya zarce da wuƙa." Sai ya juyo gare ni, idonsa na ƙyalli. "Salisu, wallahi fata ce!"

Daga nan kuma sai hauka. Ni na kama rawa a tsakiyar rumfar, matan suna tafa mini, Baffa da ke cewa rawa aikin marasa aiki ce yana kaɗa kafaɗa. Na ari wayar Malam Isufu na kira matata na ce daga yau kada a zubar da ɓawon komai a gidan nan, ko na lemo ko na mangwaro, ta kuma gaya wa maƙwabta. Ta tambaye ni ko na sha wani abu. A kwanakin da muka yi a can na koyi aikin da hannuna tun daga wanki har shanya, kuma duk lokacin da na rufe ido 'ya'yan yazawan da ke ruɓewa a gonakin hanyar Akwanga nake gani sun zama jakunkuna.

Ranar tafiya Madam ta sa mana uwa a ƙaramin bokiti, faifai guda mai kauri tana iyo a ruwanta, ta ɗaure bakin da ƙyalle. Ta ja mana kunne kan abu uku: kada a toshe ta don tana numfashi, kada rana ta doke ta, kada a jijjiga ta da yawa. Na miƙa hannu zan karɓa, Baffa ya riga ni.

"Kai rawar kanka ta yi yawa. Kawo Baƙuwa nan."

Sunan da ya raɗa mata ke nan. A cinyarsa ta zauna, ya yi mata rumfa da hannun babbar rigarsa, duk ramin da direba ya faɗa sai ya sha faɗa da Hausar da ba ya ji. A bakin iyaka wani jami'i ya nuna bokitin ya ce mene ne. Na ce fata ce. Ya ce ta wace dabba? Na ce ba dabba ba ce, abarba ce. Ya ce to abinci ne ke nan? Baffa ya ce in gaya masa tana da rai, kada ya ɗaga murya a kanta. Jami'in ya kira abokin aikinsa, suka ɗaga ƙyallen suka leƙa, tsamin ya bugi hancinsu, suka dubi juna. Na biyun ya ce, "Baba, carry your wahala go." Muka wuce muna ƙunshe dariya, da muka yi nisa muka sake ta har da riƙe ciki.

Mun sake kwana da albasa, muka hau motar Abuja. A nan zafi ya fara aikinsa. Tsamin Baƙuwa ya riƙa ƙaruwa har ya cika motar, fasinjoji suka hau toshe hanci. Wata mata da ke bayanmu ta yi ta cewa abin Baba ya lalace, a jefar. Na gaya wa Baffa haka warinta yake, ai haka rumfar Madam take. Ya gyaɗa kai, amma na ga yana ta ɗaga ƙyallen yana sunsunawa, goshinsa a tattare.

A Lakwaja aka tsaya salla da cin abinci. Muka yi rabo, Baffa ya fara zuwa ni ina gadi, ya dawo ni ma na tafi. Layin alwala ya yi tsawo, na kuma tsaya sayo mana kifi. Da na dawo ban gan shi a mota ba. Na zagaya baya, sai ga shi a gindin bishiya a tsugune, ya naɗe hannun riga, ya aro faranti wurin masu kifi. Ya shimfiɗa Baƙuwa a kai yana goga mata gishiri da tafin hannu, ciki da baya, lungu-lungu, yadda ya yi wa kowace ɗanyar fata tun kafin a haife ni. Bokitin na gefe a kife, ruwan ya bi kwata.

Ya ɗago kai yana murmushi, gumi na zuba.

"Saura kaɗan mu yi asara. Ta fara juyawa, na ji a warin. Yanzu ko wata za mu yi a hanya ba abin da zai same ta."

Kifin ya faɗi daga hannuna. Madam ta yi maganar iska, ta yi maganar rana, ta yi maganar jijjiga, amma gishiri bai zo mata a rai ba, don a duk garinsu babu wanda zai yi wannan tunanin. Sai majemi. Na kira Malam Isufu, ya haɗa mu da Madam. Na ji ihun da ta yi tun kafin a fassara. Malam Isufu ya ce, "Ta ce gishiri mai yawa ne?" Na dubi farantin, fari fat kamar an zuba gari, na ce mai yawa ne. Ya ce, "To, sai haƙuri."

Baffa yana jin komai. Murmushin ya tsaya a fuskarsa ya rasa inda zai je. Daga Lakwaja har Keffi ko rediyonsa bai kunna ba. Ni kuwa raina ya ɓaci iyakar ɓaci, na cika har wuya, amma ta yaya zan yi wa Baffa faɗa a kan abin da ya yi don ƙauna? Na juya fuskata ga taga na share hawaye, ban ji kunyar kowa ba.

A gida na tarar da ɓawo buhu-buhu, matata ta cika umarni har ta wuce, ƙudajen unguwa duk sun tare a gidanmu. Na wanke Baƙuwa da ruwa mai kyau, na dafa mata ruwan ɓawo yadda aka koya mini, na sa ta a ciki ko Allah zai sa da sauran numfashi. Kullum sai na leƙa. Abin da ya fito a saman ruwan koren fumfuna ne kawai. Na tsamo ta zan jefar, Baffa ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, na ba shi. Daga ranar ya daina fitowa majalisa. Ni kuma na koma tambayar 'yan acaɓa yadda ake samun babur.

Wata safiya ina rumfa ina kaɗe ƙura, sai ga Baffa. Abin da na fara gani hannuwansa ne, sun rine sun yi baƙi-baƙi har wuyan hannu, irin rinin bagaruwa da na daɗe ban gani a jikinsa ba. Ya zaro wani abu daga aljihu ya shimfiɗa a kan teburina. Ja ne jawur, bai fi tafin hannu biyu ba, mai laushi, yana ƙamshin man gyaɗa. Ashe ya share rami guda, ya jiƙa Baƙuwa a bagaruwa, ya shafe ta da mai, ya murza, ya rina da karan dafi, duk yadda ake yi wa fatar akuya.

"Soka basilla."

Na soka, na ja zare, ɗinki ya zauna bai yage ba. Ya ɗauki butata ya zuba mata ruwa, ruwan ya gangare ya bar ta yadda take. Ta Madam da muka gani a can, in ruwa ya taɓa ta sai ta saki jiki. Na ɗago na dube shi, bakina a buɗe.

"Ta karɓi jima," in ji shi. Ya zauna a kan benci kamar wanda ya sauke kaya. "Tun ina yaro abin da wani ya yanka nake jemewa. Wannan ni na kashe ta da hannuna, kuma ita ce ta fi kowace biyayya." Ya naɗe ta ya mayar aljihu. "Ka kira matar nan. Ka ce tsohon da ya yi ɓarna zai dawo ya ba ta haƙuri da bakinsa, zai kuma zo mata da bagaruwa ya nuna mata abin da ya saura a aikinta. In ta ga dama ta sake ba mu wata."

Na ce to, Baffa. Ya miƙe har ya kai bakin rumfa, sai ya tsaya bai juyo ba.

"Na ji kana tambayar babur. Tun kafin mu tafi na sani." Ya dafa ginshiƙin rumfar da baƙin hannunsa. "Kada ka rufe tukuna, ɗan nan. Ka ba ni tafiya ɗaya."

Masu tambaya ina fatar, tana aljihun Baffa, ya ce ba mai ƙara taɓa ta sai Madam ta gani. Buhun bagaruwa na nan a zaure an ɗaure bakinsa. Rumfa kuwa na buɗe ta yau da safe, gobe ma zan buɗe.